Yarinyar da ke Jikin Mota Mai Lamba Tara

Na yi wa amare kwalliya, na yi wa gawa. Su biyun ba sa ba ni wahala, don amarya ba ta motsi kada hoda ta zube, gawa kuwa ba sai an faɗa ba. Amma tunda na buɗe shagon gyaran gashi a bakin tashar jiragen kamun kifi, ba a taɓa ɗaukata aikin ɓata fuskar mutum ba sai ranar da mutanen talla suka zo daga Edinburgh, babban birninmu.

Hukumar lafiya ce ta ba su kwangila, su yi hotunan gargaɗi kan shan giya fiye da kima. Ni ban ga laifin wannan ba. A garinmu ana sha, ba na wasa ba. Daga yammacin Juma'a zuwa wayewar Lahadi rabin samarin nan ba sa gane ƙofar gidansu, 'yan matan ma ba a bar su a baya ba. Mijina Hamish kwalba ce ta kai shi kabari da sauran ƙarfinsa, saboda haka ba ni za a yi wa wa'azi ba. Suka zaɓi lungun bayan shagona, wai a duk gaɓar tekun nan ba inda ya kai shi ban tausayi. Maganar ta ɓata min rai, don ni ke share lungun, amma na haɗiye.

Shugabarsu wata doguwar mace ce mai suna Philippa, mai magana a hankali kamar kowa majinyaci ne. Hoto biyu take so, ɗaya na namiji ɗaya na mace. Namijin a kasuwar kifi ta tsinto shi: Fergus, ɗan Jessie mai wankin coci, yaro mai faɗin kafaɗa da ƙarancin tunani.

"Shi wannan ki fasa masa gira," in ji ta. "Jini ya gangaro har wuyan riga. Muna son duk wanda ya gani ya ce wayyo."

Na dama ruwan sikari da jan rini, na kumbura masa ido da shuɗi da ɗan baƙi. Fergus ya leƙa madubi ya washe baki.

"Kai, Anti Morag! Ko uwata ba ta taɓa yi min irin wannan ba."

"Bari ta ji ka, ta ƙarasa ɗaya idon."

Macen da za su ɗauka kuwa ba ta iso ba, iska ta tsayar da jirgin ƙasa a Aberdeen. Philippa ta yi ta safa da marwa da waya a kunne, can sai idonta ya faɗa kan kujerar ƙarshe, inda Ishbel ke zaune da jiƙaƙƙen gashi tana cinye min biskit.

Ishbel 'yar yayana Lachlan ce, Allah ya ji ƙansa. Ita ke tuƙa bas mai lamba tara, wadda ke tashi daga bakin tasha, ta bi gefen teku ta ƙauyuka har asibiti, ta juyo. Hanyar ubanta ce, a kanta ya tsufa. Ita kuma ta daɗe tana jira kafin ta samu. Ta yi jigilar 'yan makaranta, ta riƙe wa direbobi masu mura da masu ciwon baya, tana kallon mazan da ta riga su shiga aiki suna wuce ta. Ba a taɓa ba mace hanyar ba sai ita. Ta san wace tsohuwa ce sai an jira ta zauna kafin a taka mota, ta san wane ƙauye ne ake ɗan jinkirta wa mai ɗingishi. In kana son ganin mutumin da ya samu abin da yake so a duniya, ka hau lamba tara da safe ka dubi wuyan yarinyar nan daga baya.

Philippa ta roƙe ta kamar za ta durƙusa.

"A ina za a liƙa?" Ishbel ta tambaya.

"Glasgow da manyan birane. Nan ko kusa ba zai zo ba."

Ishbel ta share garin biskit daga cinyarta ta juyo gare ni. "To Gwaggo, ɓata ni. Dama kin daɗe kina nema."

Na ɗauko sauran jinin Fergus, na ce a ina za a sa mata ciwon. Philippa ta ɗaga hannu.

"A'a, ita ban da ciwo. Ita dai a lalata ta kawai. Duk macen da ta gani ta ce Allah ya kiyaye in zama wannan."

Yabon kai jahilci ne, amma aikin ya yi kyau. Na gangaro da gazal kan kumatu da jiƙaƙƙiyar auduga, na ja janbaki ya zarce gefen baki, na hargitsa gashin da na gama wankewa. Na yage mata safa a gwiwa, na zuba miyar gwangwani a gaban rigar da suka kawo. Suka zaunar da ita a bakin kwata, takalmi mai tsini ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Lokacin hunturu ne, ana la'asar duhu ya shiga, don haka kafin cin abincin yamma an gama. Muka tafi mu duka muka ci kifi da dankali, ita da fuskar nan tata tana ba mai shagon tsoro, Fergus yana tsoma dankalinsa a jinin girarsa don zaƙi. Mun yi dariya ranar har cikina ya ƙulle.

Bayan bikin sabuwar shekara, wata safiya Ishbel ta shiga gareji ta tarar da kanta a jikin motarta. Ashe hukumar ta ga hoton ya yi, ta saye gefen motocin yankin gaba ɗaya. Fuskar ta kai girman ƙofa. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: HAKA KIKE SO A GAN KI? Na Fergus yana jikin motar da ke zuwa kasuwa, shi kuma an rubuta masa: DARE ƊAYA ZAI IYA KAI KA ASIBITI.

Da farko abin dariya ya ba ta. Ta tsayar da motar daidai ƙofar shagona ta danna ham, na fito da almakashi a hannu, ta leƙo ta taga saman kan hoton tana ɗaga min gira. Na ce ai ko banza yanzu duniya ta ga aikina.

Fergus kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Aka sa masa suna Zakaran Dambe. Duk mashayar da ya shiga sai an saya masa kofin giya, ana tambayarsa yaya ɗaya mutumin ya ƙare. 'Yan mata suna tsayar da shi a ɗauke su hoto gefen motar. Yaron da hukumar lafiya ta sa a gargaɗi jama'a da shi bai taɓa shan giyar kyauta irin ta watan nan ba, har uwarsa ta zo tana min ƙorafi.

Na Ishbel bai tafi haka ba. 'Yan makaranta suka fara rera mata rubutun in ta tsaya. Wani mutum ya shigo ya sunkuyo yana shinshina kafin ya biya, ya ce, "Hura min iska in ji, 'yan mata." Abokansa suka kwashe da dariya. Kowa a garin ya san kwalliya ce, kowa ya san ni na yi. Sun kuma san Ishbel kofi biyu na giya take sha ran Asabar, in da aiki washegari ko ɗaya ba ta taɓawa. Amma hoto ba ya gajiya da magana. Kullum yana wucewa ta gabanka yana faɗin abu ɗaya, har ka fara cewa ruwa ba ya tsami banza. Daga nan wasu baƙi da suka zo duba mara lafiya suka dubi jikin mota, suka dubi direba, suka fasa hawa. Suka buga waya ofis.

Manajan gareji, Alasdair Geddes, ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma ni ban ga wanda ya fi wani sauƙin zama da shi ba. Ya kira ta ya ce ta ɗan koma wankin motoci kafin ƙura ta lafa. Ya ɗora wani direba, Dougal, a kan lamba tara. To, da shigowar bazara ake raba hanyoyi na shekara, kuma al'adarsu duk wanda rabon ya tarar a kan kujera shi ke ci gaba da ita. Bazara kuwa ta kusa. In ba ta koma kafin lokacin ba, hanyar ubanta ta tafi ke nan, sai ta sake bin layi daga baya.

Ta zo shago da yamma hannuwanta sun yi jajur saboda ruwan sanyi. Ba ta yi kuka ba, mu ba masu yi a gaban mutane ba ne. Ta ɗauki biskit ta juya shi ta mayar.

"Yau ni na wanke ta, Gwaggo," ta ce. "Na sa sabulu na goge wa yarinyar hoton fuska tas, ta fito fes da lalacewarta."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tausayinta ya kama ni. Na nemo lambar Philippa na kira.

Ta ba da haƙuri, ta ce ita ma ba ta san za a kawo nan ba, kuma na yarda da ita. Sai na ce, to ki gaya min, me ya sa shi aka ba shi ciwo ita aka ba ta kunya?

"Bincike ne ya nuna haka, Morag. Mun tara mata mun tambaye su. Mace ta fi tsoron a gan ta a wulaƙance fiye da ta ji ciwo."

"Mazan kun gwada musu kunyar? Kun ɗauki ɗaya ya jiƙa wandonsa a bakin titi kun gani ko za su so? Don ni na wanke irin wandon nan, ba labari aka ba ni ba."

Sai ta ce abin da ya fi muhimmanci shi ne saƙon ya isa. Na ce ya isa kam, har ya sauke direba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ran Alhamis tsofaffi ke cika min shago, don ranar nake musu rangwame. Sukan jeru ƙarƙashin na'urar busar da gashi kamar kaji a akurki, suna ihu a kan ƙarar injin. Babbarsu Effie ce, wadda ta yi aikin unguwarzoma har ta karɓi haihuwar rabin garin, ciki har da Ishbel da shi kansa Geddes. Ita da Ishbel wasan kaka da jika suke yi. Kullum ta hau mota sai ta ce, "Kishiya ta kusa, yau ma ba ki kashe mu ba?" Ishbel ta ce, "Sai kin rubuta min gidanki tukun."

"Wai wa suke tsammani hoton nan zai hana sha?" in ji Effie, kanta cike da robobin nannaɗe gashi. "Matan da suka fi kowa sha a garin nan ba a bakin kwata suke ba. Suna kicin, labule a sake. Na shiga gidajen na gani. Kunyar nan ce ta kai su can tun farko, yanzu an zo a ƙara musu."

Wata ta ce a rubuta takardar koke kowa ya sa hannu. Wata ta ce a je gidan jarida. Effie ta ture na'urar daga kanta.

"Alasdair takarda zai sa a aljihu ya manta. Ku bar ni da shi. Daga gobe, duk wadda ta hau lamba tara, in za ta sauka ta sauka kawai."

Matan suka dubi juna.

"Kawai?" in ji wata mai suna Ina, matar mai gyaran raga. "Ba ko..."

"Ba ko."

A nan wajenmu ba a sauka daga bas ba a ce "na gode, direba" ba. Ko ya makara, ko ya wuce da kai tasharka, ko jiya kun yi faɗa a kan katanga, in ka zo ƙofa sai ka faɗa. Yaro kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi ya iya wannan. Na taɓa ganin mutum ya fito daga jana'izar matarsa, bai iya amsa gaisuwar kowa ba, amma da ya zo sauka ya faɗa. Shi ya sa Ina ta dafe ƙirji kamar an ce ta shiga coci ba riga.

"Dougal fa bai yi mana komai ba," ta ce.

"Ita Ishbel me ta yi?" in ji Effie. Ta ja na'urar ta mayar kanta.

Washegari na rufe shago na hau motar safe don gani ya kori ji. Dougal ƙato ne mai sanyin hali, shi ke jan waƙa a coci, irin mutumin da ke ba ƙofa haƙuri in ya buge ta. Muka isa asibiti, ya buɗe ƙofa ya juyo da murmushinsa yana jira. Effie ta miƙe da sandarta, ta wuce shi tana kallon gaba, ta sauka. Ina, matar mai gyaran raga, ta biyo, fuskarta ja kamar gauta. Sai ta bayanta, sai ta bayanta. Ba ka jin komai sai takun takalma da kukan tsuntsayen teku a waje.

Ban san abin yana da wuya haka ba sai da layi ya zo kaina. Kalmar ta taso da kanta har maƙogwaro, sai da na cije leɓe. Wani tsoho a gabana, da matarsa ta yi wa kashedi tun daga gida, ya buɗe baki ya ce "Na g..." sai ta zungure shi, ya ƙarasa da tari. Na waiwaya daga ƙasa na ga Dougal yana duba rigarsa, yana shinshina hammatarsa, yana leƙa madubi ko wani abu ya maƙale masa a haƙori.

Abin ya bazu. Ma'aikatan jinya suka shiga. 'Yan makarantar nan da suka rera wa Ishbel waƙa su ma suka shiga, su dai a ba su abin yi. Fergus da ba hanyarsa ba ce ya riƙa hawa tasha ɗaya don kawai ya sauka shiru, kuma wannan ne abu mafi hankali da na san ya taɓa yi. Ba wanda ya zagi Dougal, ba wanda ya ƙi biya. A titi ana gaishe shi, a coci ana amsa masa waƙa. Ƙofar motar nan ce kawai ta zama makabarta.

Kafin mako ya zagayo sai ga shi a ƙofar shagona, hula a hannu, ya ƙi shigowa.

"Anti Morag, don Allah ku gaya min laifina. Matata ta ce na rame. Jiya na sauke mutum talatin, ko kare bai dube ni ba. Har mafarkinsu nake yi suna wucewa."

"Ba ka da laifi, ɗan nan. Kujerar da kake kai ce mai laifi."

"Ni na ce a ba ni? Ni da hanyar kasuwa ta ishe ni!"

"To ka san ofishin da za ka je ka faɗi haka."

Ya je. Ya ce wa Geddes ko a mayar da shi kasuwa ko ya ɗauki hutun rashin lafiya. Geddes ya nemi wani direban, kowa ya ce bayansa na ciwo. Sai ya ce bari ya hau da kansa ya ga abin da ake zuzutawa. Ita Ina tana cikin motar, ita ta ba mu labari: ya zauna a gaba da jakarsa a cinya, da aka isa asibiti ya miƙe ya ce da ƙarfi, "Na gode, direba!" don ya ja mutane. Muryarsa ta fita ita kaɗai ta dawo masa. Jama'a suka ratsa ta gefensa ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da surukarsa.

Alhamis ta gaba ya shigo shagona. Namiji in ya shigo wurin gyaran gashin mata rabin ƙarfinsa a bakin ƙofa yake barinsa. Ya tsaya tsakanin kwanon wanke kai da kwandon tawul bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Baba Effie, ina wuni."

"Ɗaga murya, Alasdair. Ranar da na ciro ka ba haka ka yi ta ƙasa-ƙasa ba."

Matan suka tuntsire. Ya yi ja har kunne.

"Wai abin nan... ai kamfani nake karewa. In baƙi suka ga..."

"Baƙi sau nawa suke hawa a shekara? Mu kullum muna ciki. Yarinyar nan ta taɓa makara? Ta taɓa goga wa wani mota?"

"Ba ta taɓa ba."

"To hoto ka kora daga aiki ko mutum?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi ma abin ya dame shi, ya yi magana da na sama, sun yarda a kankare hoton daga jikin lamba tara kaɗai. In an kankare, Litinin ta koma kujerarta, rabon bazara ya same ta a kai. Effie ta dube mu, muka dube ta. Ta ce to ya yi, kuma ya gaishe da surukarsa. Ranar na yi wa kowa shayi da kek ɗin da nake ɓoyewa, ita Ina kuwa har da 'yar rawa da tawul a kai. Daɗi ya kama ni irin wanda na daɗe ban ji ba.

Litinin da sassafe na sayi burodi mai zafi da soyayyen ƙwai na nufi gareji, don ina son in gan ta ta hau. Gari ya waye da sanyi amma ba ruwa. Na tarar motar a tsakar fili, wani ma'aikaci ya kafa tsani da bokitin ruwan zafi da abin kankara a hannu. Geddes yana gefe yana murza hannuwa. Dougal ma ya zo, fuskarsa kamar wanda aka sako daga kurkuku.

Ishbel ta fito cikin rigar aiki, gashi a ɗaure tsaf. Ta karɓi burodin ta gatsa, ta tsaya tana kallon hoton. Ma'aikacin ya sa bakin ƙarfen a kusurwa, wajen ƙafar da ba takalmi.

"Dakata, Malam," ta ce. "Sauko."

Ya dubi Geddes. Geddes ya dube ni, kamar ni na haife ta.

"Yallaɓai, a bar ta," in ji Ishbel.

"A bar ta? Ishbel, ai a kan haka aka yi magana. In aka sake bugo waya fa? Ba zan iya yi miki alkawarin komai ba, rabon nan saura ƙiris."

Na matsa kusa na ce a hankali, "Ke, kada ki zubar da abin da aka sha wuya aka samo. Tsofaffin nan sun kusa haɗiye harshensu saboda ke."

"Na sani, Gwaggo." Ba ta ɗauke ido daga hoton ba. "Kullum ina wanke ta ina kallonta. Da farko haushinta nake ji. Daga baya na ga ai ba ni ba ce, wata ce. Na sha ɗaukar irinta a motar farko ta ran Lahadi, takalmi a hannu, kowa ya kau da kai. Fergus kowa ya tambaye shi wa ya buge shi. Ita duk garin nan ba wanda ya ce me ya same ta, ko ina ƙawayenta, ko ta isa gida."

Ta juya wajen Geddes.

"Babana bai taɓa wuce mace a bakin titi don ta sha ba. In na ce a kankare ta don in samu kujera, na wuce ta ke nan. In baƙo ya bugo waya, ka ce masa direbar ta san da ita, fasinjarta ce."

Geddes ya dubi Dougal, Dougal ya ɗaga hannu biyu ya ja da baya, alamar ko da wasa kada a dube shi. Ya dubi agogo. Can ya sauke numfashi ya ce wa ma'aikacin ya ɗauke tsaninsa, motar kasuwa na jiran wanki.

Ishbel ta miƙa min takardar burodin, ta goge hannu a wando, ta hau. Ta gyara kujerar da Dougal ya ja baya, ta gyara madubi, ta tayar da inji. Ni da na yi wa fuskar nan fenti da hannuna, sai a lokacin na dube ta sosai, kuma idona ya cika, ban damu da wa ya gani ba. Motar ta juya ta nufi ƙofar gareji, yarinyar hoton tana zaune a jikinta da takalminta a hannu.

Ishbel ta leƙo ta taga.

"Gwaggo, za ki hau ko tsayawa za ki yi? Ina da wadda zan kai gida."